Gargaɗi ga masu ɗura harsashi a Amurka: shafin faraima na bogi ya cinye dala 820

Jama'a, dala 820. Dala 640 a karon farko, 180 a karo na biyu. Na rubuta ne don 'yan uwa mazauna Amurka masu sake ɗura kwanson harsashi a gida don harbin allo ko farauta, a inda doka ta yarda da hakan. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce min kwaɗayi mabuɗin wahala, domin na riga na faɗa wa kaina wannan ya fi sau ɗari.

Duk mai wannan harkar ya san abu huɗu ne ke yin harsashi: kwanso, faraima, albarushi da kai. Kwanso ana tsince shi bayan harbi, a wanke, a sake amfani da shi. Kai kuwa dalma ce da tagulla, ba ya wuyar samu. Faraima ce ba ta da madadi, wato ɗan ƙaramin murfin nan na gindin kwanso da allurar bindiga ke sara. Sau ɗaya take aiki. Kafin 2020 kwalin dubu bai wuce dala 30 zuwa 40 ba. Da korona ta zo, mutane suka yi rububin sayen harsashi, kamfanoni suka karkatar da faraimarsu zuwa harsashin da suke haɗawa da kansu, kamfanin bindiga da harsashi na Remington kuma ya durƙushe a wannan shekarar, Vista Outdoor, wanda a lokacin shi ke da kamfanonin harsashi da faraima na Federal da CCI, ya saye masana'antarsa ta Lonoke a jihar Arkansas. Kantoci suka bushe, kwalin dubu ya haura dala 100 a hannun 'yan kasuwa, kuma farashin bai koma yadda yake a da ba. A cikin wannan yunwar 'yan damfarar nan suka buɗe shagunansu. To ku gaya min, wa zai ga katan na 5,000 a kan dala 210 bai tsaya ya duba ba?

Ga abin da na saka a kwandon shafin bogin: faraimar CCI 400 guda 5,000, dala 210. CCI 500 guda 5,000, dala 210. Jarkar albarushin Varget mai laba 8, dala 220. Jimla 640. Varget fa, wanda daga Ostareliya ake kawo shi, wanda shagunan gaske kan yi watanni ba su gan shi ba, amma a nan an rubuta akwai, ba ma iyakar adadin da mutum ɗaya zai saya. Komai akwai. Albarushin H4350 akwai, faraimar Federal 210M akwai. Shagon da komai ke akwai a lokacin da kowa ke kukan babu, wannan kaɗai ya isa.

Amma ba farashin ne ya kama ni ba, kuma wannan ne ke hana ni barci. Na gwada mutumin da ke amsa saƙo a akwatin hirar shafin. Ya tambaye ni bindigar da za a ɗura wa, mai sakata ta hannu ce ko samfurin AR-15? Sai ya ce idan AR-15 ce gara CCI lamba 41 a kan 400, domin allurarta sake take, tana ɗan taɓa faraima lokacin da harsashi ke shiga, ita kuwa 41 an yi ta ne don ta jure wannan. Wallahi gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya daɗe a harkar zai ba ka wannan shawarar. Ɓarawo ne zai damu da lafiyar bindigarka? Nan na saki jiki. Sai daga baya na gane bayani ne da ke ko'ina a intanet, kwafowa kawai ya yi. "Wace irin bindiga ce?" Tambaya ɗaya, dala 640.

Maganar kuɗin inshora da suka ƙara nema ta zo ne ranar Laraba. A'a, Alhamis, domin ranar Laraba suka turo lambar bin sawun kaya. Bari dai in koma kan biya tukun. A kasan shafin akwai hotunan Visa da Mastercard, amma da ka zo biya sai a ce na'urar katin ta sami matsala, a yi amfani da manhajojin tura kuɗi na Zelle da Cash App, ko Bitcoin, mai Bitcoin ma da rangwamen kashi 10. Sunan da ke kan asusun Zelle na mutum ne, ba na kamfani ba. Na tambaya, aka ce ma'ajinsu ne. Na san PayPal ba ya yarda da cinikin harsashi, na san wasu masu harkar kati na gudun irin waɗannan shaguna, shi ya sa uzurin ya shiga kunnena. Sani na ne ya cuce ni, ba jahilci ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kuɗin hazmat. Faraima da albarushi kaya ne masu haɗari a dokar sufuri. Gidan waya ba ya ɗaukarsu sam. Ta mota ake aikawa a hannun irin su UPS da FedEx, mai aikawa sai yana da yarjejeniyar ɗaukar irin wannan kaya da su, kuma shago na caje ka kuɗin hazmat daban a kan kuɗin aikawa, yawanci dala ashirin da wani abu ko fiye. Shi ya sa ma mutane ke haɗa oda mai yawa lokaci ɗaya. Wannan shafin ya ce aikawa kyauta, ba hazmat, kwana biyu ta jirgi. Faraima 10,000 da laba 8 na albarushi ta jirgi cikin kwana biyu! Har da cewa suna kai wa kowace ƙasa, da Najeriya a jerin. Ba wani halastaccen shago da zai jefa wannan kaya a kwali zuwa Kano, laifi ne babba a can da nan, kuma kar wanda ya biyo ni ta akwatin sirri da wannan maganar. Na ga duk wannan da idona. Na gani, na wuce.

Lambar bin sawun ba ta UPS ba ce, ta wani kamfanin sufuri ce da ban taɓa jin sunansa ba, mai shafi da taswira da ɗan hoton mota na tafiya. Kwana ɗaya sai motar ta tsaya, jan rubutu ya fito: an riƙe kaya sai an biya inshora, dala 180, za a mayar da 170 idan kaya ya iso. Wanda ya riga ya zuba 640, 180 ba ta yi masa yawa. Da wannan suke lissafi. Aka biya. Washegari sai ga wata, wai takardar izinin tsallaka jiha, dala 350. Babu wata takarda mai wannan suna da kamfanin sufuri ke karɓar kuɗinta a hannun mai saye. A nan ne idona ya buɗe, bayan 820 ta tafi.

Binciken da ya kamata ya zo a farko bai ci minti goma ba. Rajistar sunan shafin a Whois, inda ake duba ranar da aka yi wa shafi rajista, wata biyu kacal, alhali sun rubuta suna kasuwanci tun 2009. Adireshinsu a taswirar Google fili ne, ko rumfa babu. Hotunan kayan na wasu shagunan ne, an goge tambari. Yabon kwastomomi duk taurari biyar, duk rana ɗaya. Shafin sufurin da na shagon a mako guda aka yi musu rajista. Ina da hotunan allo na komai, hirar, rasit ɗin Zelle guda biyu, motar bogin, zan saka su da zarar na rufe sunana da lambar asusuna. Ban rubuta sunan shafin ba don ya riga ya sauka, na kuma ga wani mai fasali iri ɗaya sak da sabon suna, har kuskuren rubutun bai canza ba.

Banki ya ce da hannuna na tura, ba kutse aka yi min ba, don haka ba alkawari. Da katin kiredit ne da an ƙalubalanci cinikin kayan da bai iso ba. Na kai ƙara IC3, sashen karɓar ƙorafin damfarar intanet na hukumar FBI, da kuma FTC, hukumar kare masu saye. Jiya wani ya turo saƙo wai ƙwararre ne a kwato kuɗin damfara, in ba shi 200 kafin alƙalami. Su ne dai.

Ba kati, kar ka saya. Ba hazmat, kar ka saya. Duba shekarun shafin, kira lambar wayar, an nemi kuɗi na biyu ka tsaya. Albarushin da ba a cikin jarkarsa ta asali mai hatimi ba, ko kyauta ne kar ka karɓa. Masu bizar karatu ko ta ziyara kuma ku bincika doka tukun, domin a dokar tarayya faraima da kwanso da albarushi duk harsashi ne. Hotunan na nan tafe da daddare in sha Allahu.