Kafet ɗin jirgina ya fi kifi cin ƙugiya

Na daɗe ina son yin maganar kafet ɗin nan, sai in ce bari zuciyata ta huce tukuna. Wata takwas ke nan ba ta huce ba, don haka ga shi.

Jirgina ƙarami ne, na faiba, ƙafa 19, da inji Yamaha mai doki 15. Na hannu na saya bayan na yi ritaya, ni da ƙanena muke fita da shi daga Yauri mu gangara wajen tafkin Kainji. Wanda ya sayar mini ya riga ya shimfiɗa filawud a ƙasa, ya yi ɗan dandamali a gaba inda ake tsayawa a jefa birgi, wato tarun da ake wurgawa da hannu, ya bi duka da fenti mai ƙyalli. Ga kyau a ido, amma da zarar yauƙin tarwaɗa ya taɓa shi sai ka ce an zuba miyar kuɓewa. Ranar da ƙanena ya zame ya bugi haƙarƙari a gefen jirgi, ya yi mako biyu ba ya iya dariya, ranar na ce sai na nemo abin shimfiɗawa.

A Kano na same shi, na je biki na biya layin masu kafet. Mai shagon ya jawo wani mai ruwan toka, bayansa roba, ya ce, "Alhaji, wannan na ruwa ne, irinsa ake sa wa jiragen manya a Legas." Ya fasa fiya wata ya tsiyaya a kai, ya girgiza, ruwan ya zube. A nan bai yi ƙarya ba. Zaren na roba ne, ba ya shan ruwa, ba kamar kafet ɗin ɗaki ba mai baya irin na algarara, wanda in ya jiƙe sau biyu sai ya ruɓe. Na sayi yadi 6 da gwangwanin gam biyu. Kuɗin kam ba zan faɗa ba, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba.

Ranar da muka manna shi kawuna ya zo kwata ya tsaya yana kallo. Shi tun kafin a gama dam ɗin Kainji a 1968 yake su, bai taɓa taka komai a jirgi ba sai katako. Ya ce, "Kai yaro, jirgi ne wannan ko ɗakin amarya?" Na yi dariya na ce, "Kawu, zamani ne."

Makonnin farko kam har na fara yi wa mutane talla. Santsi ya tafi. Da asuba cikin hunturu ƙafa ba ta ƙanƙarewa. In filafili ko gwangwani ya faɗi ba ka jin wannan ƙarar da ke korar kifi a ruwa mara zurfi. In za ka durƙusa ka kwarfe ruwa gwiwa ba ta ciwo.

Abin da ban lura da shi ba a shago, gashin kafet ɗin a lanƙwashe yake, kowane zare ya fito ya koma, irin na tawul.

Cikin watan Janairu ne, baƙin ruwa, wato cikar da kogin Neja ke yi da rani, ya iso, kogi ya cika yana ja da ƙarfi. Mun kafa mamari da yamma, wato doguwar igiya mai jeren ƙugiyoyi, ƙugiya 200, muka koma ɗagawa bayan sallar asuba. Ƙanena yana ja, ni ina jera ƙugiyoyin a bakin daro kamar kullum. Mun ɗago wajen rabi, akwai kurungu da dama da 'yan karfasa a ƙasan jirgi, sai ga ramboshi, kifin nan dangin tarwaɗa, babba, irin wanda kake gani ka fara lissafin buhun shinkafa. Muka jawo shi ciki da ƙyar. Yana faɗowa ya yi bulala da wutsiya sau ɗaya, daro ya kife, ƙugiya kusan 100 suka watse a kan kafet.

A kan katako wannan ba komai ba ne, ka tattara ka ci gaba. Amma ɗan haƙorin nan na bakin ƙugiya da ke hana ta fita daga bakin kifi, shi ne ya riƙa shiga cikin lanƙwasar zaren. Ka ciro ɗaya, biyu su kama. Kifin yana ta birgima a kai yana ƙara cusa su. Sauran rabin igiyar kuma tana cikin ruwa, ruwa yana jan jirgi, ita kuma ta ɗaure a jikin kafet. Kan mu farga igiya ta miƙe tsaf, jirgi ya juya ya ba wa ruwa gefe, ya fara karkata. Na ga ƙugiya guda ta tsinke ta wuce ta gefen fuskar ƙanena. Ya ce, "Yaya, yanke!" Ban tsaya gardama ba, na sa wuƙa. Rabin mamari da duk abin da ke jikinsa ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Ga kuma kurungu. Duk mai su ya san halinsa, in ya ji hannu sai ya buɗe ƙayoyinsa ya kulle, su kuma ƙayoyin gefen nan haƙora ne da su kamar zarto. A taru ma wahalar cirewa gare shi, balle a tawul. Guda bakwai suka manne a ƙasan jirgi suna ta gurnani, sai da na karya ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya soke ni a babban yatsa.

Muka iso kwata rana ta ɗaga, masu sayen kifi na kirki sun watse. Na zauna cikin jirgi da filaya da reza ina tiyata har aka kira azahar, yara sun kewaye ni. Kawu ya zo ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, amarya ta yi kamu." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da dare na kira mai shagon. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ayya Alhaji, ai ba ka ce mini kifi za ka kama a ciki ba." Jirgin kamun kifi na ce masa tun farko. Wallahi na faɗa.

Daga baya wani mai jirgi daga New Bussa ya nuna mini nasa, wanda aka aske kan gashin ya tsaya kamar buroshi. Ya goga ƙugiya a kai ta wuce sumul. Sai na ce to, ashe laifin bai wuce na zaɓi ba, rabi nawa ne da ban shafa da kyau ba. Na ma yi niyyar in yafe wa kafet ɗin, in riƙa shimfiɗa buhu a kai ranar ɗaga mamari.

Sai bazara ta shigo. Ƙarni. Zaren ba ya shan ruwa, gaskiya ne, amma yauƙi da jini da ɓawon kifi da yashi duk suna sauka gindin gashin su zauna, rana ta dafa su. Wata rana na rage wa wata baiwar Allah hanya da kwandon warangi ɗanye, kaɗan ya zube, ƙananan kifin nan suka shige ciki. Na wanke da omo da buroshi sau uku. Uwargida ta ce in riƙa cire kayan ruwa a zaure. Wajen tanki kuma, inda fetur mai haɗe da baƙin mai ke ɗiga, gam ya narke, robar baya ta yi laushi ta kumbura, wurin ya zama tarkon ƙafa. Ni da na sayi abu don kada a faɗi.

Abin da ya gama da ni shi ne watan Yuli. Na ji ƙasa tana lotsawa a tsakiya, na ɗaga gefe na duba. Ruwa ya daɗe yana shiga ta ramukan da na yanka da reza da ta bakin da ya ɗage, robar baya ta hana shi bushewa. Filawud ya yi baƙi, fumfuna ko'ina, na sa yatsa ya nutse. A da in rana ta fito katakon kan bushe da kansa. Sai da na sake falanki biyu, kuɗin kafinta daban.

Yanzu fentin ƙasa na sa aka barbaɗa masa yashi mai laushi tun yana ɗanye, na ɗora tabarmar roba mai huji-huji wadda nake ɗagawa in wanke in jingine a rana. Ba ta da kyau ko kaɗan. Guntun da ke kan dandamalin gaba na bar shi, can ba ƙugiya ba fetur, kuma ƙanena ya ce in na cire shi ba zai ƙara hawa ya jefa birgi ba.

Sauran yana rataye a katangar bayan gida, da ƙugiya 11 a jikinsa har yanzu. Mai so ya zo ya ɗauka kyauta, amma ya taho da filayarsa.