Asibitin da ƙawata ta haihu a Sabon Gari, abin da idona ya gane min

Tun da na sa hoton ƙafar bebi a sitatus mutane ke ta tambayata wane asibiti ne, ya suke, to bari in faɗa sau ɗaya in huta. Sunan asibitin ba zan kama ba saboda akwai inda zan taɓa su, amma na kuɗi ne, ƙarami, a cikin Sabon Garin Zariya, daga PZ ɗan keke napep minti kaɗan ya kai ni.

Ƙawata dai tun muna sakandare muke tare, wannan haihuwarta ta fari ce kuma siyas aka yi mata, wato tiyata aka ciro bebin, saboda jininta ya hau a watan ƙarshe. A can take awo tun farko, mijin ya so su koma asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ita ta ce layin Shika ba za ta iya ba ga nisa daga Tudun Wada. Kwana ɗaya da yin aikin na je, da kular farfesun kaza da fulas ɗin ruwan zafi da ledar pampas da na tsaya na saya a kasuwar Sabon Gari.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Wajen karɓar baƙi kam sai a hankali, yarinyar da ke zaune a wurin kanta na cikin waya, na yi sallama sau biyu kafin ta ɗago, da ta ɗago ɗin ma cewa ta yi lokacin dubiya bai yi ba sai bayan la'asar, alhali babu inda suka rubuta hakan ko a takarda a manna. Kusan awa guda na yi a benci da kula a cinya kamar mai talla. Mijin ƙawar tawa ma ya ce POS ɗinsu ba ya aiki ranar da za a shiga da ita, sai da ya yi taransfa ya tsaya jiran alat hankalinsa a tashe. Haba, mace na kan gadon tiyata kuna maganar netwok.

Amma da na shiga ciki sai zuciyata ta ɗan sauka. Ɗakin gado biyu ne, da gidan sauro a kowanne, zanin gado fes, banɗaki babu wari ko kaɗan kuma akwai ruwa a famfo, wanda ya san Zariya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. An ɗauke wuta ina zaune, fanka ba ta tsaya ba don suna da sola. Sai dai ɗakin ya yi ƙanƙanta, 'yan barka biyar suka shigo sai da biyu suka tsaya a bakin ƙofa, mai kwana da ita kuma tabarma take shimfiɗawa a ƙasa tsakanin gadajen.

Abin da ya sa na ce sai na yi rubutun nan wata nas ce, babbar mace, kowa Sista yake ce mata. Ina zaune ina riƙe da yarinyar, tubarkalla gashi kamar na Larabawa, sai ga uwar mijin ta shigo da jug cike da kunun kanwa tana cewa mai jego ta daure ta shanye ruwan nono ya zo. Sista na shigowa ta ga jug ɗin, ta rusuna ta gaida Hajiya tukuna, sannan ta ce "Mama don Allah ki yi haƙuri, wannan kunun a bar shi, jininta bai gama sauka ba." Hajiya ta ce su da shi suka yi jegon 'ya'ya tara ba abin da ya same su. Wallahi na zaci rigima za a yi. Sista ta jawo kujera ta zauna, ta yi mata bayani a nutse cewa kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya, kuma a nan Zariya ne tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU suka yi bincike kan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka ga yawan shan kanwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa da wankan ruwan zafi na kwana 40 suna da hannu a ciki. Ta ce a yi kunun gyaɗa ko na tsamiya, ruwan wanka kuma mai ɗumi ya isa, kar a kusanci wurin ɗinki da ganye. Hajiya ta yi shiru, can ta ce "to Allah ya kyauta", ni dai na san ba ta gamsu duka ba amma jug ɗin ya koma cikin kwando.

Haka maganar cibiya, ta hana gashi da tsumma da shafa man goge baki, ta ba su wani ɗan man shafawa chlorhexidine ta nuna yadda za a riƙa sawa kullum har ta faɗi. Ta ce nonon farko mai ruwan ɗorawa ɗin nan, dakashi, kar a matse a zubar, shi ne rigakafin yarinya, kuma nono zalla har wata 6 ko ruwa ba a bayarwa. Ta buɗe idon bebi ta duba ko akwai shawara, ta ce in sun koma gida suka ga ido ko jiki ya yi rawaya su dawo da gudu kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Rigakafi kuma an ɗiga mata na shan inna a baki an yi mata allurar ciwon hanta, BCG, wato ta tarin fuka, ce suka ce sai ranar da suke buɗe kwalba tunda sai an tara yara, suka rubuta musu ranar a kati.

Kuɗi fa akwai shi, kar wani ya ce ban faɗa ba, kuma komai daban ake biya, har safar hannu da auduga sai an rubuto muku. Abinci ba sa bayarwa, daga gida za a riƙa kawowa. Likita sau ɗaya na ga ya leƙo, bai fi minti uku ba ya fita, nas-nas ɗin ne ke riƙe da wurin gaskiya.

In za ki je dubiya ki bari sai bayan la'asar, ki tafi da kuɗi a hannu, kuma kar ki fesa turare mai ƙarfi don Sista sai da ta sa wata ta fita ta cire mayafinta. Farfesun nawa ma cewa ta yi yaji ya yi yawa, mai jego romo kaɗan ta sha, sauran ni da ƙanwar mijin muka cinye a baranda.