Sharhi kan Mercedes-Benz E350 tokunbo a Legas: inda take cin kuɗi da dalilinsa

Motar da nake magana a kai ita ce E350 tokunbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita, mai lambar jiki W212, wadda ta cika wuraren dillalai daga Berger ta Apapa har Agege. Na yi amfani da ƙirar 2011, kuma ra'ayina a kanta shi ne injinta da jikinta masu ƙarko ne ƙwarai, ba su ne ke talauta mai ita ba. Abin da ke cin kuɗi roba ce da filastik da kayan lantarki, sai kuma bakaniken da bai san motar ba.

A fara da sanin injin. Ƙirar 2010 da 2011 na ɗauke da M272, mai silinda shida da lita 3.5. Daga 2012 aka koma M276, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda. Na biyun ya fi ƙarfi, ya fi tattalin mai, amma bai yafe gurɓataccen fetur, kuma bakin fesa mansa tsada gare shi. Wasu na farko-farkonsa kan yi ƙarar sarƙa na 'yan daƙiƙu idan an tayar da su da sanyin safiya. Don haka kar ka yarda dillali ya ɗuma maka injin kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kai ka ji shi da sanyi, sannan a murza. Ni dai M272 na fi yarda da shi a nan, domin masu gyara sun fi saninsa, kuma kayansa sun wadata a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas.

Baƙin mai shi ne kuɗin da ba ya yankewa. M272 na shan lita 8, kusan ninki biyu na abin da Camry mai silinda huɗu ke sha, kuma sai mai ɗauke da lambar amincewa MB 229.5. Man 20W-50 na bakin titi ba nata ba ne. Motar da ke wuni a cunkoson gadar Third Mainland ko titin Ikorodu injinta na aiki ko da mita ba ta motsi, saboda haka kar a jira tazarar da aka tsara wa titunan Turai kafin a yi juye. Tankinta lita 80 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ma lissafi ne mai zaman kansa.

Cutar da kusan kowane M272 ke yi tana cikin bututun shigar iska da ke saman injin. Akwai wasu 'yan ƙofofi a ciki da wani hannu na filastik ke juyawa. Zafi da tururin mai na sa ƙofofin su yi tauri, sai hannun ya karye. Fitilar inji ta kama, motar ta yi kasala wajen tashi, na'urar bincike ta nuna P2004, P2005 ko P2006. Hanya biyu ce. Idan ƙofofin ciki lafiyarsu lau, ana sa hannun ƙarfe a madadin na filastik, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Idan kuwa sun fara sakwarkwacewa, a canza bututun gaba ɗaya, domin ɓallin da ya faɗa silinda zai iya kashe injin. Bututun tokunbo a nan ba dabara ba ce, shekarunsa ɗaya da wanda ka cire.

Sai yoyon mai. Wurare biyu za a haska da tocila: gaskit ɗin gidan matatar mai a gaban injin, da ƙananan maganaɗisun da ke goshin injin. Na biyun ya fi ban haushi. Man na bin cikin waya a hankali har ya kai ga ƙwaƙwalwar motar. Zare soket ɗin ka duba, in ka ga danshin mai a kan ƙafafunsa, canza su tun gyaran na da araha.

Giya ita ce inda na fi so mai saye ya tsaya ya natsu. Akwatin giyarta 722.9 ne, mai hawa bakwai. A cikinsa akwai wani faranti na lantarki da ke ɗauke da na'urorin auna gudu da kwamfutar giyar. Idan ya fara lalacewa sai motar ta maƙale a giya ɗaya, a kashe a tayar ta koma daidai, bayan kwana biyu ta sake. A nan ne ake yi wa mutane asara, don da yawa za su ce giya ta mutu, a sayo tokunbo. Sau da dama farantin ne kawai, kuma ana iya gyara na'urorinsa ko a canza shi. Sai dai an ɗaure shi da lambar motar, dole a haɗa shi da kwamfutar Star, na'urar binciken motocin Mercedes, kafin ya yi aiki, wannan ne ke ɗaga kuɗin aikin. Ko giyar tokunbon ma ba za ta tsira daga wannan ba. Man giyar iri biyu ne, ja mai lamba 236.14 da shuɗi mai lamba 236.15, kuma ba a gauraya su. Babu sandar awo. Daga ƙasa ake ɗura shi da famfo, a daidaita shi yana kan zafin digiri 45. Duk bakaniken da ya fara neman inda zai zuba daga sama, ka karɓi makullinka cikin mutunci. A canza man da matatarsa wajen kilomita 60,000, tare da sabbin kusoshin kaskon, don na aluminiyam ne, sau ɗaya ake ɗaure su.

Kujerun inji masu ruwa ne a ciki. Idan sun fashe za ka ji sitiyari na karkarwa kana tsaye a giyar D. A canza biyun tare da na giya. Kayan China masu arha ba sa jimawa a ramukan Apapa da Oshodi, haka ma robobin ƙafar gaba. Kayan kamfanin Lemförder ko makamancinsa ya fi sauƙi idan aka lissafa kuɗin aiki sau biyu. Abin daɗin shi ne yawancin E350 masu ƙofa huɗu sifirin ƙarfe gare su, ba balan-balan ɗin iska ba. Idan ka ci karo da mai Airmatic, wato mai balan-balan ɗin, ka rage tayinka.

Wasu kuma na da makullin sitiyari na lantarki, wanda ɗan ƙaramin injinsa kan gaji. Za ka sa makulli ka murza, shiru, ba abin da ya kama. Idan ka fara jin ƙararsa ta yi rauni ko sai an gwada sau biyu, a gyara shi yana buɗe. In ya mutu a kulle, sai an kwance sandar sitiyarin, aikin ya ninka.

Abu biyu ne Legas ke ƙara mata. Na farko al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Wallahi wannan cutar da motar ne. Kwamfuta za ta riƙa ganin injin bai ɗumi ba, ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, fanka ta ƙone da wuri. Na biyu ruwa. Motar ƙasa-ƙasa ce, kuma akwatunan lantarkinta ba sa shiri da danshi. Idan damina ta cika titin Lekki, juyawa ya fi. In ta mutu a cikin ruwa kar a sake tayar da ita, a ja ta.

Farashin kaya na bin dala, shi ya sa tun 2023 kuɗin da aka faɗa maka a Ladipo wata uku baya ba abin dogaro ba ne. Amma jerin nauyin bai canza ba: mai, fulogi da gaskit su ne masu sauƙi, kujerun inji da kayan ƙafa na tsakiya, bututun iska da farantin giya su ne masu zafi. Kafin ka biya, duba lambar VIN, wato lambar shasin motar, a shafin Carfax mai ajiye tarihin motoci, don gane wadda ambaliya ta ci a Amurka, ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ramin safaya. A ɗora ta a kan rami a ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, domin waɗanda suka fito daga Kanada da jihohin da ake zuba gishiri a titi kan ruɓe daga ciki, kuma walda ba ta maganinsa, sai an canza shi ɗungurungum.