Injin CNC ko na Leza: Wanne Ya Dace da Mai Sana'ar Ƙananan Kayan Katako?

Masu son fara ƙera ƙananan kayan katako na sayarwa suna yawan tambaya ko injin sassaƙa na CNC za su saya ko na leza. Dukansu kwamfuta ce ke sarrafa su: CNC yana yanka da bakin ƙarfe mai juyawa, leza kuma da siririn haske mai ƙuna.

CNC yana cin katako mai kauri, yana fafe akushi, yana kuma fitar da zane mai tudu da kwari, sai dai da yake bakinsa zagayayye ne, ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai tsini. Leza ta fi ƙwarewa a kan falanki marar kauri, kamar milimita 3 zuwa 6, da ƙananan rubutu, amma tana barin baƙin ƙuna a gefe.

Koyon CNC ya fi cin lokaci, domin dole a ɗaure katakon sosai, a daidaita zurfin yanka da saurin tafiya, in ba haka ba bakin ya karye, kuma sauya shi kuɗi ne. Ga ƙara da ƙura. Haɗarin leza, a ganina, ya fi tsanani: hayaƙi, lahani ga ido, da gobara idan aka bar ta ba mai tsaro.

Mai son yin faranti da alluna masu kauri, CNC ne nasa. Mai ƙaramin wuri da ke rubuta sunaye a kan kayan kyauta, leza za ta fi yi masa, muddin ya tanadi mafitar hayaƙi.