Takardar Alminiyam, Leda ko Roba: Wanne Ya Fi Dacewa da Ajiyar Abinci a Firiza?

Abin da ke lalata abinci a cikin firiza shi ne iska. Ko da sanyin ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne ake so, duk gefen nama ko kifin da iska ta taɓa yana bushewa, launinsa ya dushe, ɗanɗanonsa ya ragu. Saboda haka, kafin a duba kuɗin abin naɗi, a fara tambayar yadda yake toshe iska.

Takardar alminiyam ta yi fice a wannan fanni, domin tana hana iska, danshi, haske da wari ratsawa, kuma tana manne wa jikin abinci ta bi siffarsa ba tare da barin sarari ba. Sai dai ba duka ne iri ɗaya ba. Ta yau da kullum kaurinta kusan milimita 0.016 ne, mai ƙarfi kuwa ta kai kusan 0.024, kuma wannan ɗan bambancin ne ke hana ƙashi ko ƙayar kifi huda ta. A ganina, sayen mai siriri don ajiyar watanni ba tattali ba ne, tunda huji ɗaya ya isa ya ɓata tsokar da kuɗinta ya ninka na takardar sau da yawa. A lissafa farashi bisa tsawon mita da faɗi, kada girman kwalin ya ruɗi mai saye.

Tana da aibi guda biyu da bai kamata a yi watsi da su ba. Abinci mai tsami ko gishiri da yawa, kamar tumatir da lemon tsami, yana cin alminiyam har ya bar ƙananan ramuka, don haka irin wannan abincin ba nata ba ne. Kuma ba a ganin abin da ke cikinta, sai an rubuta sunan abincin da ranar ajiya a jiki.

Ledar firiza mai zik ta fi dacewa da kayan lambu da niƙaƙƙen nama, in dai an matse iskar ciki kafin a rufe. Robar abinci mai murfi ita ce ta miya da romo, kuma ita ta fi araha idan an daɗe, domin ana wankewa a sake amfani da ita shekara da shekaru. A dai bar sarari a sama, saboda ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare.

Ga wanda ke sayen nama da yawa lokaci ɗaya, shawarata ita ce ya raba shi gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, ya naɗe kowane kashi da takarda mai kauri, sannan ya jefa su cikin leda guda. Ledar tana kare takardar daga yagewa, kuma tunda ba ta taɓa ɗanyen nama ba, ana iya sake amfani da ita. Takardar da ta taɓa naman kuwa, a yar da ita.