Mako shida ina bin kwas ɗin tarihin kiɗan Turai na da

Ni malamin firamare ne, ban taɓa riƙe ko molo ba. Abin da ya sa na biya kuɗin wannan kwas na intanet, wata tsohuwar waƙar coci ce da na ji a rediyo, maza na rerawa babu ganga babu komai, ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. A waya na bi darussan, bayan sallar isha'i.

An fara da waƙoƙin da ake danganta wa Paparoma Giregori, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Malamar ba ta ɓoye ba, ta ce yawancinsu bayan zamaninsa aka tsara su. Kowa murya ɗaya yake bi, kuma da ka ake riƙe su.

Darasin da ya fanshe kuɗina shi ne na Guido, mutumin Arezzo a Italiya. Wajen 1025 ya ja layuka ya jera alamomin sauti a kansu, ta yadda mutum zai iya rera waƙar da kunnensa bai taɓa ji ba. Shi ne kuma ya kawo sunayen sautuka: ut, re, mi, fa, sol, la. Malamar ta ce kowa ya gwada. Na ja layuka huɗu a bangon wani tsohon littafin ɗalibi, na ɗiga alamomin, ina bi da yatsa ina rerawa ƙasa-ƙasa don kada yara su farka. Da na kunna sautin na ji ya yi daidai da nawa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. A nan na gane dalilin da ya sa wajen 1200 wani mai tsara waƙa, Perotin, ya iya haɗa muryoyi huɗu a cocin Notre Dame na Paris, kowace da hanyarta ba su ci karo ba. Rubutun ne ya sauƙaƙa irin wannan.

Sauran darussan sun yi gudu: Petrucci da ya buga littafin waƙoƙi da injin ɗab'i a Venis a 1501, sai wasan waƙe na Orfeo da Monteverdi ya gabatar a Mantua a 1607.

Ƙorafina biyu ne. Ana yanke sautukan misali tun kafin su shiga jiki, minti ɗaya sai a wuce. Na biyun ya fi ci mini rai: an ambaci cewa molon Turawa da ake kira lut daga al-ud na Larabawa ya samo asali da suna, amma ba a yi ko minti biyar a kan Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, ba. Kuma da aka busa wata tsohuwar sarewarsu mai kaifin murya, kunnena algaita ya ji, malamar kuwa ba ta ce uffan ba.

Duk da haka ina ba da shawarar a yi shi. Bidiyon na cin data sosai, gara a sauke da dare. Bayan darasin Perotin kuma a nemi waƙarsa cikakkiya, a saurara da abin kunne.