Stockfish a Lichess: yana kama kuskure, amma bai san wasa marar aibi ba

Duk wasan chess da na buga a Lichess, shafin buga chess a intanet, sai na miƙa shi ga Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasan, ya duba, kuma a aikin da aka yi shi dominsa ba ni da ƙorafi. Kyauta ne, babu talla, yana aiki ko a waya mai ƙaramin ƙarfi. Cikin ɗan lokaci zai nuna maka inda ka bar doki a banza, ya ware ƙaramin kuskure da babba, ya zana maka yadda wasan ya yi ta karkata tsakanin fari da baƙi. Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Kasparov a 1997 aka daina musun ƙarfin inji, kuma Stockfish na yau, musamman bayan an sa masa fasahar NNUE ta ƙirƙirarriyar basira a 2020, ya yi wa kowane ɗan Adam nisa.

Abin da ke damuna shi ne makin daidaito da ake bayarwa a ƙarshe. Mutum ya ga an rubuta masa 96 cikin 100, sai ya ɗauka saura ƙiris ya yi wasan da babu aibi. Makin nan yana auna yadda takunka ya kusanci abin da injin ya zaɓa ne, a iya zurfin da ya hango cikin 'yan daƙiƙun da aka ba shi. Na sha barin sa ya ƙara nutsewa, sai takun da ya yaba da farko ya koma na uku. Haka kuma idan an yi musayar 'ya'ya da wuri fili ya yi sauƙi, maki yakan tashi, wasa mai zafi da sadaukarwa kuwa yakan faɗo ko da an nuna basira a cikinsa. A 2006 Guid da Bratko na Jami'ar Ljubljana sun auna zakarun duniya da injin Crafty, tsohon zakara Capablanca ya fito a gaba. Masu suka suka ce dama salonsa na sauƙaƙa fili ne, kuma Crafty ɗin bai kai wasu daga cikin waɗanda yake yi wa alƙalanci ƙarfi ba. Ina ganin sukar tana da tushe, kuma har yau ba ta tsufa ba.

Akwai kuma wuraren da sojoji suka sarƙe, ɓangare ɗaya ya fi yawan 'ya'ya amma babu ƙofar shiga. Inji kan nuna rinjaye babba, alhali ɗan wasa mai idanu ya san canjaras za a tashi.

Wuri ɗaya ne kwamfuta ta san gaskiya tsantsa: idan 'ya'yan da suka rage a allo ba su wuce bakwai ba, har da sarakuna biyu. Nan an lissafe komai tun daga ƙarshe zuwa baya. Jami'ar Mosko ta kammala rumbun wannan lissafi mai suna Lomonosov a 2012, na Syzygy ya biyo baya a 2018, kuma Lichess na ba ka shi a shafin nazari. A nan babu kirdado: ci, faɗuwa ko canjaras. A cikin rumbun Lomonosov akwai matsayin da sai an yi taku 549 kafin a kulle sarki, abin da dokar taku 50 (ana tashi canjaras idan aka yi taku 50 ba a ci ɗa ko motsa soja ba) ba za ta bari a kai ba. Wannan sashe na fi so a duk manhajar. To amma wasa da 'ya'ya 32 yake farawa, kuma tun 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya ƙiyasta yawan wasannin da za su iya faruwa da lamba 1 mai sifili 120 a bayanta.

Ga mai koyo ina ba da shawararsa ɗari bisa ɗari wajen gano manyan kurakurai da koyon ƙarshen wasa. Makin daidaito kuwa kada ya auna kansa da shi, balle ya ɗauko shi don raba gardamar wa ya fi tsakanin zakaru irin su Tal da Carlsen.